Bitamin D da Asma: Abin da Jini Ya Nuna, da Abin da Gwaji Ya Ƙi Nunawa

Idan akwai mai asma a gidanku, da wuya a ce ba ka taɓa jin wani ya ce "ai ƙarancin bitamin ne ke tayar masa da ita" ba. Mai kemis zai faɗa, 'yar'uwar da ta ji a saƙon murya na WhatsApp za ta faɗa, wani lokacin har ma'aikacin lafiya zai faɗa yana miƙo maka takardar magani. Kuma maganar ba shaci-faɗi ba ce. Tana da asali a manyan mujallun likitanci, da sunayen jami'o'i da alƙaluma. Wannan ne ya sa ta cancanci a zauna a tankaɗe ta a rairaye.

Za mu auna ta ne da ma'aunin mutumin Ƙaraye da Rogo, a yammacin jihar Kano. Mai asma a can, idan yana son ganin ƙwararren likitan huhu, sai ya yi shirin tafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko kuwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tunda mutumin Rogo Zariya ta fi masa kusa da birnin Kano. Tsakanin wannan tafiya da waccan, kemis ne likitansa. Kuɗin da ke aljihunsa kuma ba zai sayi komai da komai ba. Idan ya sayi kwalbar bitamin, to akwai abin da ya bari bai saya ba.

Asma ba ƙaramar cuta ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da ita, kuma ta kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Najeriya, binciken da Dakta Obianuju Ozoh da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta masu ita sun kai kusan miliyan 13. (Af, kada ka haɗa ta da tarin fuka. Shi wancan ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗauka daga wani, kuma ana warkewa da magani na wata shida. Asma kumburi ne a hanyoyin iska na huhu, ba a ɗaukarta a wurin kowa.)

Daga ina maganar ta taso?

A 2009, John Brehm da abokan aikinsa suka auna jinin yara 616 masu asma a ƙasar Kosta Rika. Suka samu kashi 28 cikin 100 bitamin D ɗinsu bai kai nanogiram 30 a kowace mililita ta jini ba, kuma yaran da nasu ya fi ƙasa su ne suka fi yawan kwanciya a asibiti. Abin ya ja hankali, domin Kosta Rika ƙasar rana ce, kusan layi ɗaya take da Kano a taswirar duniya, kuma fatar mutum daga hasken rana take haɗa mafi yawan bitamin D. Shekara guda bayan nan, masu binciken suka sake samun makamancin haka a yara 1,024 na Arewacin Amurka. Daga nan sai bincike irin wannan ya yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, a Turkiyya, Iran, Indiya, Masar, ko'ina.

A ɗakin gwaji ma an samu abin da ke mara wa ra'ayin baya. An nuna bitamin D yana sa ƙwayoyin garkuwar jiki su fitar da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma ka san mura ce kan gaba wajen tayar da asma. A Landan, a 2006, an ga yana taimaka wa ƙwayoyin jinin masu asma mai taurin kai su karɓi magani. Ka ga ke nan akwai alaƙa a jini, akwai kuma bayani mai ma'ana. Duk mai ilimi da ya ga wannan a lokacin, yana da hujjar sa rai.

To ina matsalar take?

Matsalar tana cikin fasalin binciken kansa. Irin wannan bincike kallo ne kawai: ka tara yara, ka ɗebi jini rana ɗaya, ka tambayi tsananin ciwonsu, ka haɗa lissafi. Zai gaya maka abu biyu suna tafiya tare, amma ba zai gaya maka wanne ne ke jan wanne ba.

Ɗauki yara biyu a wani ƙauye na Rogo. Ɗaya asmarsa mai sauƙi ce, yana bin babansa gona, yana kiwo, yana buga ƙwallo har magariba. Ɗayan kuwa tasa mai tsanani ce. Da an fara hazo mahaifiyarsa ta hana shi fita, ta naɗe shi da rigar sanyi da hula, makaranta ma sai ya yi sati bai je ba. Ka ɗebi jininsu a ƙarshen hunturu, wa kake jin nasa bitamin D zai fi ƙasa? Na biyun mana. Amma ba ƙarancin bitamin ne ya kwantar da shi ba, kwanciyar ce ta rage masa bitamin. Takardar bincike za ta fito da alaƙa mai kyan gani, alhali kibiyar ta juya baya.

Akwai kuma abu na uku da kan ɓuya a bayan biyun. Ƙiba tana rage bitamin D da ke yawo a jini, domin kitse yana riƙe shi, kuma ƙiba da kanta tana tsananta asma. Talauci ma haka: gidan da ba a samun ƙwai da kifi da nono, sau da yawa shi ne gidan da ake girki da kara da ɗanyen itace a kusa da ɗakin kwana, shi ne kuma gidan da ba a iya sayen magani a kan kari. Masu bincike suna ƙoƙarin cire irin waɗannan abubuwa ta hanyar lissafi, amma abin da ka auna kaɗai za ka iya cirewa. Da wuya ka ga takardar da ta auna awa nawa yaro yake yi a gaban murhu.

Sai batun layin da aka ja. Wa ya ce ƙasa da nanogiram 30 ƙaranci ne? Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ce ta yaɗa wannan adadi a 2011. A daidai wannan lokaci, Cibiyar Likitanci ta ƙasar, bayan ta bi ɗaruruwan bincike, ta ce 20 ya wadatar da kusan kowa. A 2024 ita waccan ƙungiyar ta janye goyon bayanta ga 30 ɗin. Kenan dubban yaran da aka rubuta cewa suna da "ƙaranci" a takardun shekarun baya, da ma'aunin 20 aka yi amfani da yawancinsu lafiyarsu lau. Duk sanda ka ga an ce kashi kaza na masu asma ba su da isasshen bitamin D, fara tambayar a ina aka ja layin.

Da aka zo gwaji na gaske

Hanyar raba gardama ɗaya ce. Ka tara masu asma, ka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ka ba rabi bitamin D, ka ba rabi ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da su ko likitocinsu sun san wa ya sha me ba, sannan ka zauna ka ƙirga wa asma ta tasar wa. Ƙuri'ar ce ke raba masu ƙiba da marasa ƙiba, masu murhu da masu gas, daidai a ɓangarorin biyu.

An yi hakan, kuma ba sau ɗaya ba. A 2014 mujallar JAMA ta wallafa gwajin Mario Castro a kan manya 408 a Amurka, dukkansu bitamin D ɗinsu bai kai 30 ba. An ba rabi IU 100,000 a tashin farko, sannan IU 4,000 kullum har mako 28. Waɗanda ciwon ya fi ƙarfin maganinsu: kashi 28 a masu shan bitamin, kashi 29 a masu shan ƙwayar wofi. A 2015 Adrian Martineau ya gwada manya 250 a Landan tsawon shekara guda, bai ga bambanci a babban abin da ya fita nema ba.

Sai aka samu wani ɗan haske. A 2016 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje wuri ɗaya ta auna su, ta haɗa waɗanda ake da su a lokacin, ta ce da alama bitamin D yana rage haɗarin tashin asma mai kai mutum asibiti daga kusan kashi 6 zuwa kashi 3. Jaridun duniya suka ɗauka. Idan ka bi diddigin yawancin saƙonnin da ke yawo a wayoyinmu yau, a nan za ka tarar da tushensu.

Abin da saƙonnin ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. A 2020 Erick Forno ya wallafa gwajin yara 192, masu shekara 6 zuwa 16, waɗanda aka zaɓo saboda bitamin D ɗinsu yana ƙasa kuma asmarsu ta taɓa tashi da tsanani. Wato daidai yaran da ake sa ran za su fi amfana. IU 4,000 kullum, mako 48. Asma ta tashi da tsanani a yara 36 cikin 96 masu shan bitamin, da 33 cikin 96 masu shan ƙwayar wofi. Tun kafin a kammala aka dakatar da gwajin, domin an ga ci gaba ba zai canza komai ba. A 2023 Cochrane ta sake zama, wannan karon da gwaji 20 da mutum 2,225, ta ce babu shaidar cewa bitamin D yana rage tashin asma ko yana kyautata ta. Martineau, wanda ya jagoranci rahoton 2016, yana cikin marubutan na 2023.

Tsaya ka lura da wannan, don ya fi kowane adadi muhimmanci. Masu binciken sun sauya matsaya da hujja ta sauya. Waɗanda suka tsaya a 2016 su ne masu sayarwa da masu turawa.

An gwada ta wasu ƙofofin ma. A Amurka an ba mata masu juna biyu sama da 800 bitamin D, rabi mai yawa rabi kaɗan, aka bi 'ya'yansu. Da suka kai shekara 6 ba a ga ya hana su asma ba. Masu nazarin ƙwayoyin gado kuma, a 2017, suka duba mutanen da aka haifa da halittar da ke sa bitamin D ɗinsu zama ƙasa tsawon rayuwa, ba su same su sun fi kowa asma ba.

Adalci ya sa mu faɗi raunin gwaje-gwajen su ma. Mutanen da bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa matuƙa, ƙasa da nanogiram 10, kaɗan ne a cikinsu, domin ba daidai ba ne ka ga mutum a wannan hali ka ba shi ƙwayar wofi. Masu tsananniyar asma ma ba su da yawa. Rahoton 2023 ya faɗi haka da bakinsa. Don haka wanda likita ya auna ya tabbatar nasa ya faɗi ƙasa ƙwarai, a ba shi, ƙashinsa ma kaɗai ya isa dalili. A wurinmu wannan na iya shafar matar da ba ta cika fita ba kuma tsakar gidanta a rufe take, ko tsohon da ciwo ya kwantar a ɗaki. Amma "a ba wanda aka auna" daban, "kowane mai asma ya saya" daban.

A gida fa?

A 2018 likitocin yara a Ilesha, jihar Osun, suka wallafa abin da suka samu bayan auna yara masu asma da marasa asma. Bitamin D na yaran ya kasance a matakin lafiya, kuma ba su ga ya yi tafiya tare da tsananin ciwon ba. Binciken kallo ne shi ma, da dukkan raunin da muka lissafa, amma ko alaƙar da aka gani a Kosta Rika ba ta bayyana a can ba.

Akwai darasi mafi tsufa daga Jos. Littattafan likitanci da aka rubuta a Turai sun koyar da cewa laushin ƙashin yara, wanda ke kawo ƙafar baka da gwame, ƙarancin bitamin D ne. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada yara 123 masu wannan ciwo a Jos, suka samu waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Rana tana nan, abin da ya yi ƙaranci a kwanon yaran ne. Idan har a ciwon ƙashi, inda ba a jayayya da aikin bitamin D, amsar Landan ba ta zama amsar Jos ba, me zai sa mu ɗauko amsar da Landan ɗin ma ta ajiye mu kai Ƙaraye?

Sauran bitamin ba za mu daɗe a kansu ba, domin labarin iri ɗaya ne. Wani nazari na 2009 daga Jami'ar Nottingham ya ga masu ƙarancin bitamin A da C a abincinsu sun fi samun asma. Da aka zo gwaji, bitamin E bai yi komai ba a manya 72 a 2004, Cochrane ta ce hujjar bitamin C ba ta isa ba a 2013, kuma a karkarar Nepal, inda ƙarancin bitamin A ya yi katutu, yaran da aka ba shi tun suna ƙanana ba su fi sauran tsira daga asma ba da suka girma. Wannan bai taɓa darajar ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 a makon lafiyar mata da yara ba. Wannan don ido ne da rage mutuwa daga ƙyanda da gudawa, a ci gaba da kai su. Zogale da rama da manja da mangwaro da gwaiba da kifin madatsar Challawa kuwa, a ci don jiki yana buƙata, ba sai an laƙaba musu sunan maganin asma ba.

Abin da ya fi damun mu da wannan magana ba kuskurenta ba ne kaɗai, wurin da take tarewa ne. Ka duba shekarar mai asma a wannan yanki. Da kaka ana sussukar masara da casar dawa da shiƙa, ƙaiƙayi ya cika iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ga hazo, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga sanyin asuba, ga wutar jin ɗumi a cikin ɗaki an rufe ƙofa. Da bazara a ƙone kara a share gona. Da damina a kunna maganin sauro mai hayaƙi har gari ya waye. Turaren wuta da hayaƙin murhu kuwa ba su da lokaci. Kowanne cikin waɗannan an san yana tayar da asma, kuma babu ƙwayar bitamin da za ta tare shi.

Maganin da hujja ta tsaya masa kuwa sananne ne, sai dai bai da farin jini a wurinmu. Abin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin. Akwai kuma na rigakafi, irin su beclometasone da budesonide, mai kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska. Wani babban bincike daga Kanada a 2000 ya nuna cewa yawan amfani da na rigakafin a kai a kai yana tafiya da raguwar mutuwa daga asma, gwaje-gwajen ƙuri'a masu yawa kuma sun tabbatar yana rage tashinta. Tun 2019 kwamitin GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya, ya daina amincewa a bar babba ko matashi da salbutamol shi kaɗai. Amma a wurinmu har yanzu za ka ji ana cewa inhela ta wanda ciwonsa ya kai maƙura ce, ko kuma in ka fara ba ka dainawa. Sai a guje ta, a koma ƙwayar prednisolone ko dexamethasone daga kemis ana sha wata da watanni, abin da ke kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. A cikin wannan giɓi ne kwalbar bitamin ta samu wurin zama: ba ta da abin kunya, ba ta da ban tsoro, kuma tana zuwa da sunan kimiyya.

Ita ma ba a ce ba ta da illa ba. Bitamin D a kitse yake narkewa, jiki yana tara shi, ba ya fita a fitsari kamar bitamin C. Iyakar da aka sa wa babba ita ce IU 4,000 a rana. Akwai ƙwayoyi masu IU 50,000 da aka yi don a sha jefi-jefi bisa umarnin likita. Wanda ya mayar da su na kullum yana iya tara kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda.

Ga 'yan'uwanmu masu bincike a Kano da Zariya, musamman masu neman abin rubuta kundin kammala karatu: auna bitamin a jinin yara ɗari da lissafa alaƙa abu ne mai sauƙin samun amincewa, amma tambaya ce da aka riga aka wuce. Da kuɗin sinadaran gwajin nan za a iya zagaya kemis-kemis na Ƙaraye da Rogo a ƙirga nawa ne ke da inhelar rigakafi, nawa ake sayar da ita, kwana nawa na aikin ɗan ƙwadago ke sayenta, kuma mutum nawa cikin masu riƙe da ita suka iya shaƙarta daidai.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Yaro ƙarami ba ya iya haɗa danna inhela da jan numfashi a lokaci ɗaya, sai maganin ya ƙare a harshe da maƙogwaro. Akwai mazubi na musamman da ake sa wa a tsakani, amma ba ko'ina ake samunsa ba. A 1999 Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef na Afirka ta Kudu suka nuna a mujallar Lancet cewa robar lemo mai cin rabin lita tana yin aikin daidai da na kanti. Ana huda gindin robar daidai bakin inhela, a cusa ta ta zauna ba tare da iska na fita ba, yaro ya kama bakin robar da leɓɓansa, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida kafin a sake dannawa. Ka nemi ma'aikacin lafiya ya gwada maka a gabanka. Idan kuwa an shaƙa kuma yaron ya kasa ƙarasa magana, ko ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa, ko leɓɓansa sun sauya launi, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa ana ci gaba da ba shi salbutamol a hanya.